Garkuwar da Ta Farka da Fushi: Tarihin Agajin Gaggawa ga Masu Kumburin Bayan Maganin Ƙanjamau

Daga watan Yuni na 1981, lokacin da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wasu samari biyar da suka kamu da wani baƙon ciwon huhu a birnin Los Angeles, har zuwa tsakiyar shekarun 1990, jinyar mai ƙanjamau ta ginu ne a kan fahimta guda, wato garkuwar jikinsa ta rushe, kuma duk abin da ya kwantar da shi daga wannan rushewa ya samo asali. Ƙwayar HIV tana cinye wani rukuni na fararen ƙwayoyin jini da ake kira CD4, waɗanda ma'aikatan asibiti kan kwatanta wa majinyata da sojojin jiki, domin su ne ke tsara sauran ƙwayoyin garkuwa su tunkari cuta. Mai lafiya yakan kasance da tsakanin 500 da 1,500 daga cikinsu a kowace mikrolita ta jini, idan kuwa adadin ya sauka ƙasa da 200, sai cututtukan da ba su cika yi wa mai lafiya komai ba su samu ƙofar shiga. Bisa wannan fahimta, ba a yi tsammanin cewa dawowar garkuwa, abin da aka shafe shekaru ana nema ruwa a jallo, za ta zama sanadin garzayawa da mutum sashen agajin gaggawa ba. Amma hakan ce ta faru, kuma sai da aka yi fiye da shekaru ashirin ana gwaje-gwaje, mafi yawansu a Afirka da kudu maso gabashin Asiya, kafin a san yadda ya kamata a tarbi irin wannan majinyaci.

Alamar farko ta bayyana tun kafin zuwan magunguna masu ƙarfi. A 1992 Martyn French da abokan aikinsa a birnin Perth na Ostireliya suka ba da bayanin wasu majinyata da aka ɗora kan zidovudine, maganin HIV na farko da Amurka ta amince da shi a 1987, waɗanda ba da daɗewa da fara shansa ba suka soma zazzaɓi da kumburin kaluluwa saboda wata ƙwaya ta dangin ƙwayar tarin fuka. Abin da ya ja hankalinsu shi ne ciwon bai zo da kamar da aka saba gani a jikin mai ƙanjamau ba, inda ƙwayar ke bazuwa cikin jini jiki bai ce uffan ba. A nan ta taru wuri guda, jiki ya kewaye ta da kumburi, gwajin fatar da a da ba ya nuna komai kuma ya koma yana tashi, abin da ke nuna cewa garkuwar ta soma gane abokin gaba. Da yake amfanin zidovudine shi kaɗai ba ya daɗewa, maganar ba ta yi nisa ba, sai bayan taron ƙanjamau na duniya da aka yi a Vancouver ta Kanada a 1996, inda aka tabbatar cewa haɗa magunguna uku na iya danne ƙwayar HIV har ta kasa bayyana a gwajin jini. Cikin shekaru biyu rahotanni suka yi ta fitowa daga wurare dabam-dabam, na waɗanda idonsu ya kumbura daga ciki bayan an zaci an shawo kan cutar CMV da ke cin tantanin gani, da na waɗanda ciwon hantarsu ya tashi, da na masu tarin fuka. A 1998 wasu likitoci a jihar Florida suka nuna cewa 12 daga cikin masu tarin fuka 33 da aka fara ba su maganin HIV sun sake rikicewa bayan sun soma murmurewa, alhali a cikin masu tarin 55 da ba su da HIV mutum ɗaya tak hakan ta same shi. Sunan da ya zauna a bakin likitoci ya samu gindin zama ne daga wani rubutu da Samuel Shelburne da abokan aikinsa na birnin Houston suka fitar a 2002, ana kuma taƙaita shi da haruffan IRIS, ma'anarsa ciwon kumburi da ke biyo bayan farfaɗowar garkuwar jiki.

Ko da yake sunan sabo ne, ainihin al'amarin ba baƙo ba ne ga masu jinyar tsofaffin cututtuka. Masu aikin kuturta a ko'ina, har da asibitocin da mishan ta SIM ta riƙe a arewacin Nijeriya tun shekarun 1930, irin su Yadakunya a Kano da Babbar Ruga a Katsina da Amanawa a Sakkwato, aikinsu ya ƙunshi sanin cewa wanda aka ɗora kan magani yana iya wayar gari tabon fatarsa ya kumbura ya yi ja, jijiyoyinsa su yi ciwo, hannu ko ƙafa su shanye cikin 'yan kwanaki, ba don maganin ya gaza ba, sai don garkuwa ta taso wa ƙwayoyin da ke maƙale a jijiya. Ƙa'idar da suka daɗe a kanta ita ce a ci gaba da maganin kuturtar, a ƙara da prednisolone, maganin kwantar da kumburi na dangin sitiroyid da ya shigo kasuwa a tsakiyar shekarun 1950. Wannan ƙa'ida ce, kusan kalma da kalma, likitocin ƙanjamau suka sake ganowa da kansu bayan shekaru masu yawa, wanda ke nuna yadda rassan aikin likita kan zauna kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Yadda abin ke faruwa a jiki ba shi da wuyar fahimta a dunƙule. Lokacin da garkuwa ta yi ƙasa ƙwarai, ƙwayoyin tarin fuka ko na wata cuta suna yaɗuwa su cika sassan jiki ba tare da kumburi mai yawa ba, domin kumburi aikin garkuwa ne. Da zarar magani ya danne HIV, wanda yakan faru cikin makonni kaɗan, sai ƙwayoyin garkuwa su dawo bakin aiki kafin hanyoyin da ke taka musu burki su daidaita, su tarar da tarin ƙwayoyin cuta, masu rai da matattu, su afka musu ba sassauci, naman jikin da ke kewaye kuma ya sha ɓarnar. Masana sun raba ciwon gida biyu. Akwai na koma-baya, inda an riga an san cutar, ana maganinta, majinyaci ya fara samun sauƙi, sai ya sake rikicewa bayan fara maganin HIV, galibi cikin makonni biyu zuwa huɗu idan tarin fuka ne. Akwai kuma na tono, inda cutar ke kwance ba a san da ita ba, sai farfaɗowar garkuwa ta fito da ita fili da zafin da ya wuce misali. Abubuwa uku ne suka fi jawo shi a duk binciken da aka yi: ƙarancin CD4 a ranar fara magani, musamman ƙasa da 50, da yawan ƙwayoyin cutar da suka taru a jiki, da kusancin lokaci tsakanin fara maganin cutar da fara maganin HIV. Biyu na farko duk alamomin jinkiri ne, don haka ciwon ya fi yawa inda mutane ba sa zuwa asibiti sai cuta ta ci jiki.

Wannan ne ya sa nauyin al'amarin ya koma Afirka da zarar magani ya iso. A 2001 kamfanin Cipla na Indiya ya yi tayin haɗin magunguna uku a kan dala 350 a shekara, a 2002 Nijeriya ta fara shirinta na ƙasa a cibiyoyi 25 da nufin kula da manya 10,000 da yara 5,000, a 2003 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa burin ɗora mutum miliyan 3 kan magani kafin ƙarshen 2005, shekarar 2003 ɗin ce kuma Amurka ta sanar da shirinta na tallafin yaƙi da ƙanjamau, PEPFAR. Waɗanda suka fara shiga layi su ne waɗanda suka fi jin jiki, da yawansu ɗauke da tarin fuka, a asibitocin da ba su da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa ko ɗakin gwajin da zai rarrabe cututtuka. Babbar matsalar kuwa ita ce babu wani gwajin jini da ke tabbatar da wannan kumburi, ana gane shi ne ta hanyar kore sauran dalilai. Saboda haka a watan Nuwamba na 2006 masu bincike suka taru a Kampala ta Yuganda domin tsara sharuɗɗan da likita zai iya dogara da su ko da ba shi da kayan aiki na zamani, aka buga na tarin fuka a 2008. Wani nazari da ya tattara sakamakon bincike 54 a 2010 ya nuna cewa kimanin kashi 16 cikin ɗari na masu fara magani sukan gamu da ciwon, amma haɗarinsa ba ɗaya ba ne: ya kashe kusan kashi 3 cikin ɗari na waɗanda ya sama ta hanyar tarin fuka, ya kashe kusan kashi 21 na waɗanda ya sama ta hanyar sanƙarau na funfunar da ake kira kiriftokokus.

Aikin likitan da ke tarbar irin wannan majinyaci, kamar yadda ya daidaita a waɗannan shekaru, yana farawa ne da shakka. Mai tarin fuka da ya dawo da zazzaɓi da haki, ko kaluluwar wuya da ta kumbura ta tara mugunya, mai yiwuwa ya daina shan magani ne, ko ya kamu da wata sabuwar cuta, ko maganin ne ya taɓa masa hanta, ko kuma ƙwayar tarin tasa ta bijire wa magani. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin tarko ba ne, domin a wani bincike na birnin Cape Town da aka buga a 2009, kusan ɗaya cikin goma na waɗanda aka zaci kumburin farfaɗowa ne ke damun su an gano suna ɗauke da tarin da ba ya jin maganin rifampicin, ba a sani ba. Bayan an kore waɗannan sai a koma ga abin da zai iya kisa nan take, wato kaluluwar da ta danne hanyar numfashi, da huhun da ya cika da kumburi har iskar numfashi ta gaza, da ruwan da ya taru kewaye da zuciya, da duk wani ciwon kai ko jijjiga ko gushewar hankali. Ana zuƙe mugunya da allura, ana ba da iskar oksijin, ana tsiyaye ruwa inda ya taru. Abin da ya fi wuyar karɓa, ga majinyaci da danginsa har ma da wasu ma'aikata, shi ne ba a dakatar da maganin HIV sai fa idan rai na cikin haɗari kuma maganin kumburi ya kasa. Mutumin da ya ga ya fi samun sauƙi kafin a ba shi sabon magani yana da hujjar zargin maganin, yakan ga kamar ya yi gudun gara ne ya faɗa gidan zago, wanda kuwa bai samu bayani tun farko ba shi ne ke jefar da kwalbar ya ɓace wa asibiti.

Hujjar amfani da sitiroyid ta fito ne daga asibitin GF Jooste na Cape Town, inda Graeme Meintjes ya jagoranci gwaji kan majinyata 110, aka buga sakamakon a 2010. An ba rabinsu sitiroyid ɗin prednisone, miligiram 1.5 ga kowane kilo na nauyin jiki a kullum har makonni biyu, sannan rabin haka na wasu makonni biyu, sauran kuma aka ba su ƙwayar da ba magani a cikinta. Waɗanda suka sha maganin sun rage kwana a gadon asibiti, alamun ciwonsu kuma sun yi saurin lafawa. Abin lura shi ne an cire waɗanda ransu ke cikin haɗari daga gwajin, domin ba a ga dacewar hana su sitiroyid ba, ke nan a daidai wurin da aka fi buƙatar hujja, wato agajin gaggawa na ainihi, aikin ya ci gaba da dogara kan ƙwarewa da kwatance.

Tambayar da ta fi cin lokaci ita ce ta yaushe za a fara maganin HIV ga wanda aka samu da wata cuta mai tsanani. Likita ya kasance gaba kura baya sayaki, domin idan ya gaggauta ya jawo kumburi, idan ya jinkirta ya bar mutum ba garkuwa. Da farko jinkiri aka fi so, har wasu na jira sai an kammala watanni shida na maganin tarin fuka. Gwajin SAPiT da Salim Abdool Karim ya jagoranta a Durban ya rushe wannan al'ada a 2010, da ya nuna cewa haɗa magungunan biyu a lokaci guda ya rage mace-mace da fiye da rabi. A shekarar da ta biyo, gwajin CAMELIA na ƙasar Kambodiya, mai majinyata 661 da matsakaicin CD4 ɗinsu bai wuce 25 ba, ya kwatanta farawa bayan makonni biyu da farawa bayan takwas: kumburin farfaɗowa ya ninka fiye da sau biyu a rukunin gaggawa, amma waɗanda suka mutu a cikinsu kashi 18 cikin ɗari ne, a rukunin jinkiri kuwa kashi 27. Ma'anar wannan ita ce a tarin fuka na huhu gwamma a karɓi kumburin a yi maganinsa da a jira.

Sai dai abin da ya tabbata ga huhu bai tabbata ga ƙwaƙwalwa ba, kuma a nan ne aka biya darasin da rayuka. Huhu da ciki suna da sararin da kumburi zai faɗaɗa, ƙoƙon kai kuwa rufaffen ƙashi ne, duk abin da ya ƙaru a cikinsa ƙwaƙwalwa yake matsewa. A Biyetnam, gwajin da aka buga a 2011 kan masu sanƙarau na tarin fuka 253 ya nuna cewa fara maganin HIV nan take bai ceci ƙarin rai ba, sai ma ƙarin illoli masu tsanani da ya kawo. Al'amarin kiriftokokus ya fi haka muni. Wannan wani nau'in funfuna ne da ke rayuwa a ƙasa da ruɓaɓɓen itace da kashin tattabaru, ana shaƙar sa ta numfashi, kuma sanƙarau da yake haddasawa ya sha bamban da wanda aka sani a ƙasar Hausa da ke ɓarkewa da zafin bazara, domin ba ya bin yanayi, ba a ɗaukar sa daga wani, kuma yakan fara a hankali da ciwon kai na makonni. Wani ƙiyasi da aka buga a 2017 ya ce yana kashe kimanin mutum 181,000 a shekara, kashi uku cikin huɗu a Afirka kudu da Sahara. Wani gwaji a Zimbabuwe a 2010 ya fara nuna cewa gaggawa na ƙara mutuwa, sannan gwajin COAT da David Boulware ya jagoranta a Kampala da Mbarara da Cape Town ya tabbatar da hakan a 2014: cikin majinyata 177, waɗanda aka fara ba su maganin HIV a mako na farko zuwa na biyu kashi 45 cikin ɗari sun mutu cikin makonni 26, waɗanda aka jinkirta musu zuwa mako na biyar kuwa kashi 30. An dakatar da ɗaukar majinyata kafin lokacin da aka tsara. An kuma yi fatan cewa sitiroyid ɗin dexamethasone, wanda wani gwajin Biyetnam na 2004 ya nuna yana rage mutuwa a sanƙarau na tarin fuka, zai yi irin wannan aiki a nan, amma gwajin CryptoDex na 2016, mai majinyata 451 a Asiya da Afirka, shi ma tsayar da shi aka yi domin maganin ya ƙara naƙasa da wasu cututtuka, ya kuma rage saurin kawar da funfunar daga jiki. Daga waɗannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsayar da ƙa'idar da ake bi yanzu, cewa mai tarin fuka a fara ba shi maganin HIV cikin makonni biyu, mai sanƙarau na tarin fuka a jira makonni huɗu zuwa takwas, mai na kiriftokokus kuma huɗu zuwa shida.

Wani abin da ke ceton rai a sanƙarau na kiriftokokus, ko a farkonsa ko lokacin da kumburi ya dawo da shi, allura ce da ake sokawa tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya a tsiyaye ruwan da ke kewaye da laka da ƙwaƙwalwa. Funfunar tana toshe hanyoyin da wannan ruwa ke tsotsewa, matsinsa ya hau, ana kuma auna shi da tsayin da yake kaiwa a cikin siririn bututu: idan ya kai santimita 25 ko fiye, ana ɗebe mililita 20 zuwa 30, a maimaita kullum har ya sauka. Nazarin bayanan COAT ya nuna cewa waɗanda aka yi musu ko da tsiyaya ɗaya ta magani sun fi sauran tsira nesa ba kusa ba. Inda babu bututun awo, likitoci a Mwanza ta Tanzaniya sun nuna cewa robar ƙarin ruwa da ma'aunin tsayi suna wadatarwa. Cikas ɗin da aka fi fuskanta a asibitocin Afirka da dama shi ne tsoron dangi, waɗanda suka ga an ɗebi ruwan bayan wani ya mutu, suka ɗora laifin a kan allurar ba a kan jinkirin da aka yi kafin a soka ta ba.

Sitiroyid ma kansa ba abin bayarwa ido rufe ba ne, domin yana hura wutar dajin Kaposi, wanda ke fitowa da baƙaƙen tabo a fata da dasashi kuma yakan shiga huhu, yana kuma tayar da ciwon siga da wasu tsutsotsin hanji. Akwai kuma wani rukunin haɗarin da shi ma daga garkuwa yake tasowa amma hukuncinsa kishiyar na baya ne, wato lokacin da jiki ya ƙi maganin HIV ɗin kansa. Nevirapine, wanda ke cikin haɗin farko da aka raba a yawancin ƙasashen Afirka, yakan jawo saɓulewar fata da gyambon baki da ido, ko lalacewar hanta, musamman ga matan da CD4 ɗinsu ya haura 250. Abacavir kuwa yakan kawo zazzaɓi da ƙuraje cikin makonni shida na farko, sake shan sa bayan an daina na iya kisa cikin sa'o'i. A 2002 Simon Mallal, shi ma a Perth, ya gano cewa ƙin abacavir na da alaƙa da wata alamar gado da ake kira HLA-B*5701. A waɗannan dole ne a dakatar da maganin nan take kuma ba a sake komawa gare shi, don haka rarrabe su da kumburin farfaɗowa na daga cikin hukuncin farko da ake yankewa a ɗakin gaggawa. Komawa ga dolutegravir, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fifita ga kowa a 2019, ya rage wannan matsala ƙwarai.

A shekarun baya-bayan nan ƙoƙarin ya karkata ga tare ciwon kafin ya kai ga gaggawa. Tun 2011 akwai tsinken gwaji mai rahusa da ke gano kiriftokokus a ɗigon jini makonni kafin ciwon kai ya fara, akwai kuma gwajin fitsari na LAM da ke gano tarin fuka a jikin waɗanda suka yi rauni har ba sa iya fitar da majina. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta haɗa waɗannan cikin tsari guda na kula da wanda CD4 ɗinsa ya gaza 200, a 2018 kuma gwajin PredART da aka yi a Khayelitsha ta Cape Town kan mutum 240 ya nuna cewa ba da prednisone na makonni huɗu tare da fara maganin HIV ya saukar da kumburin tarin fuka daga kusan kashi 47 cikin ɗari zuwa kusan 33. Duk wannan tsari ya rataya ne a kan sanin adadin CD4 a ranar farko, sai ga shi tun da aka amince a 2015 cewa a ba kowa magani ba tare da duba adadin ba, shirye-shirye da yawa suka rage kashe kuɗi kan gwajin. Waɗanda ke isowa da garkuwa a ƙasa su ma sun sauya kama, domin a manyan asibitocin Afirka da dama yanzu mafi yawansu ba sababbin ganowa ba ne, mutane ne da suka taɓa shan magani suka yanke, kuma ranar da aka mayar da su kan magani haɗarin kumburin yana jiran su kamar yadda ya jira wanda bai taɓa sha ba.